Na'urar Kakuri da ke sandarewa: wa ke taɓa memorin da ba nasa ba?

Bashir Kawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa shiga cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, don wata matsala ta hana ni barci. Mun haɗa wa wani kamfani a Kakuri 'yar na'ura da ke karanta lafiyar baturan solarsu tana turo mana bayanin ta intanet. Allon Raspberry Pi 4 ne mai ram gig 1, kanel 6.6, sai direba guda, wato kod ɗin da ke haɗa kanel da na'urar da aka jona, da na rubuta da hannuna don ma'aunin da ke jone ta USB. A ofis ta yi sati biyu a kunne, ko tari ba ta yi ba. Muna kai ta can, kwana uku ko huɗu sai ta sandare. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duk log ɗin da na ɗauko, wato rahoton da na'urar ke rubutawa, wurin faɗuwar daban ne. Yau a ɓangaren netwok, jibi a wajen rubuta fayil. Sunan direbana bai taɓa fitowa ba ko sau ɗaya. Zuwana biyar ke nan daga Kawo har Kakuri don kawai in zare waya in mayar, kuma jiya manajan wurin ya ce in ba za ta yi ba mu zo mu kwashe kayanmu. Na ji ana maganar tambarin memori na ARM, kamfanin da ke zana furosesa, wai furosesa da kanta ke kama mai taɓa memorin da ba nasa ba. Zai yi mini amfani a nan?

Hauwa Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Faɗuwa a wurare daban-daban ai ita ce alamar. Wani ne ke rubutu a wurin da ba nasa ba, sai wanda aka yi wa ɓarnar ya zo ya faɗi daga baya. Log ɗin yana nuna maka wanda aka ji wa ciwo ne, wanda ya ji masa ya daɗe da wucewa. Kuma kada ka wanke direbanka don sunansa bai fito ba. Ka kunna KASAN, mai binciken nan na cikin kanel da ke kama mai taɓa memorin da ba nasa ba?

Bashir Kawo:
Na kunna, Anti. Na gama-garin nan, CONFIG_KASAN_GENERIC. Kwana huɗu tana kan teburina da shi, shiru kake ji. Can kuma ba zan iya barin ta da shi ba. Tun daga kunnawa yake yanke kashi ɗaya cikin takwas na ram, ya ƙara nauyi a kan kowane rabo, na'urar ta koma tafiyar hawainiya.

Abba Rigasa:
Don Allah manyanmu ku ɗan sauko ƙasa. Ni ɗalibi ne a Kaduna Poly, bana muka fara C. Mene ne tambarin memori, kuma me ya haɗa shi da KASAN?

Injiniya Sani Barnawa:
Tambayarka ta yi, Abba, kuma na san ba kai kaɗai ba ne a nan.

Ka taɓa ajiye babur a bakin Kasuwar Barci? Yaron da ke tsaron wurin zai ɗaura kati a jikin babur ɗinka, ya ba ka ɗan uwansa ka sa a aljihu. In ka dawo ba ya tambayar sunanka, kati yake haɗawa da kati. To riƙe wannan.

A yaren C, idan kana son wurin ajiya a kanel sai ka kira kmalloc, a ba ka manuni, wato adireshin wurin. In ka gama sai ka kira kfree ka mayar. Matsalar ita ce mayarwar ba ta goge adireshin daga aljihunka. Yana nan, kuma furosesa ba ta da hanyar sanin cewa an riga an ba wani wurin. Ka je ka yi rubutu, ta bar ka. Wannan shi ne amfani bayan saki. Ɗan uwansa kuma ƙetare iyaka: an ba ka bayit 64, ka rubuta na 65, ka shiga gonar maƙwabci. A manhajar yau da kullum, ita kaɗai za ta mutu. A kanel kuwa gida ɗaya ne babu katanga, direban USB da netwok da fayil duk a tsakar gida guda suke, shi ya sa Bashir ke ganin faɗuwa a inda bai taɓa sa hannu ba.

Tambari shi ne katin nan. Adireshi bit 64 ne, amma ba duka ake amfani da su ba, bayit ɗin can sama a banza yake zaune. ARM tun daga Armv8 suka ba furosesa damar kau da kai daga wannan bayit ɗin idan za ta je adireshi. Sai aka ce to mu ɗora lamba a wurin. Mai rabon memori zai zaɓi lamba da ka, ya buga ta a kan manunin, ya buga irinta a kan memorin. Duk karatu da duk rubutu sai an haɗa biyun. Aka saki wurin, sai a canza tambarinsa, tsohon katin da ke aljihunka ya tashi daga aiki.

Abba Rigasa:
Allah ya ƙara basira, Malam. To wa ke haɗa katin, furosesa ko manhaja?

Hauwa Unguwar Rimi:
Nan ne KASAN ya rabu gida uku, kuma ya kamata Bashir ya bambance su kafin ya ɓata dare.

Na farko wanda ya kunna, ya shiga Linux 4.0 a 2015 ta hannun Andrey Ryabinin, an ɗauko dabarar daga AddressSanitizer na Google. Shi babu tambari a cikinsa. Memorin inuwa yake ajiyewa, bayit ɗaya na tsaron bayit 8, yana kewaye kowane rabo da shinge, abin da aka saki kuma ya killace shi na ɗan lokaci kada a yi saurin ba wani. Kwamfaila, wato mai juya kod zuwa yaren na'ura, ita ke cusa bincike kafin kowace taɓawa. Ya fi kowa ido, ya fi kowa nauyi, jinkirinsa wajen ninki uku.

Na biyu, CONFIG_KASAN_SW_TAGS, ya zo a 5.0 a 2019, aikin Andrey Konovalov. Tambari ne mai bit 8 a kan kowane bayit 16, inuwarsa kashi ɗaya cikin 16 na ram. Har yanzu kwamfaila ce ke binciken, don haka furosesa tana shan aiki, amma ram yana samun sauƙi. A arm64 kawai yake, wato furosesar ARM mai bit 64.

Na uku, CONFIG_KASAN_HW_TAGS, ya shiga a 5.11 a 2021. Shi ne wanda ka ji labari, Bashir. Yana kan MTE, wato ƙarin tambarin memori da ARM suka yi wa furosesa a Armv8.5. Tambarin bit 4 ne a kan kowane bayit 16, yana zaune a bit na 56 zuwa 59 na manunin, kuma furosesa ce ke haɗawa da kanta ba tare da an ƙara wa kod ɗinka layi ko ɗaya ba. Wurin ajiye tambarin kashi ɗaya cikin 32 ne, wajen kashi 3 cikin 100. Shi aka yi don a bar shi a kunne a na'urar da ke hannun mutane.

Sai dai allonka ba shi da shi. Pi 4 Cortex-A72 ne, Armv8.0. Ko Pi 5 ka saya, A76 ne, Armv8.2, bai kai ba.

Bashir Kawo:
Kash. Wallahi har na fara lissafin kuɗin Pi 5.

Hauwa Unguwar Rimi:
Ajiye kuɗinka. Na biyun zai hau allonka yadda yake, tunda kau da kai daga bayit na sama yana nan a A72. Clang kake buƙata ko GCC 11 zuwa sama. Gina shi, ka kai shi Kakuri, ka bar shi a can inda abin ke faruwa.

Injiniya Sani Barnawa:
Wannan maganar ta ƙarshe ita ce gaba ɗaya zancen. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ke faruwa a Kakuri da ba ya faruwa a ofishinka, kuma duk kaifin kayan bincike ba ya kama kuskuren da ba a taka ba. Bashir, yaya wutar wurin take?

Bashir Kawo:
Ranka ya daɗe, wuta uku suke juyawa. Ta gari, sola, da janareta babba in injinansu za su tashi. Mai gadi ne ke juya canjin da hannu.

Injiniya Sani Barnawa:
To ka rubuta lokacin kowane juyi. Ka ba mai gadin littafi da biro, ka ɗan ba shi na goro. Za ka gode mini.

Nura Mai Waya:
Salamu alaikum. Ni gyaran waya nake yi a Ahmadu Bello Way, ina bin ku a hankali. Wayoyin da ake kawo mini masu sake kunna kansu ba dalili, ko wannan abin yana cikinsu in kunna in ga mai laifi?

Hauwa Unguwar Rimi:
Malam Nura, in wayar na kan tsofaffin furosesa irin su Cortex-A53 ko A55, babu. Daga zuriyar Armv9 ta 2021 aka fara, su A510 da A710 da X2, kuma ko a nan sai in mai haɗa wayar ya buɗe hanyar. Wayar farko da mutane suka iya kunna shi a hannunsu ita ce Pixel 8 ta ƙarshen 2023, ta cikin saitin masu gina manhaja. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: ka shiga wayar daga kwamfuta ta manhajar adb ka buɗe /proc/cpuinfo, in ka ga mte a layin Features to yana kunne. Amma gaskiya wayar da ke sake kunna kanta a teburinka, na fi zargin batir ko allon da ya sha ruwa kafin in zargi kanel.

Nura Mai Waya:
Haka ne kuwa, galibi batir ne. Na dai ƙaru.

Injiniya Sani Barnawa:
Hauwa, bari in ɗan ja da ke kan na ukun nan, don na ga yaran yanzu suna ɗaukarsa kamar an gama da matsalar memori. Bit 4 fa lamba 16 ce kacal. A kanel ma ba duka ake raba su ba. An ware ɗaya, 0xF, a matsayin katin da ke buɗe ko'ina, don akwai manunai da yawa da ba ta hannun mai rabo suka fito ba. An ware 0xE ta wurin da aka saki ko shinge. Saura 14. Ki koma wurin ajiyar baburan nan: in launin kati 14 ne kawai a kasuwar, ɓarawon da ya tsinci kati a ƙasa yana da rabo ɗaya cikin 14 ya fita da babur ɗin wani. Wane mai babur ne zai kwanta da wannan?

Hauwa Unguwar Rimi:
Lissafinka daidai ne, Malam, amma ka duba ta ɗaya gefen. Na farko, muddin wurin da aka saki ba a sake ba wani ba, tambarinsa na haram ne, kamun tabbas ne, babu sa'a a ciki. Sa'ar tana shigowa ne bayan an sake rabawa. Na biyu, kuskure ba sau ɗaya yake faruwa ba. In ya tsira yau da ɗaya cikin 14, tsira sau biyu a jere ɗaya ne cikin 196. Ka ɗora wannan a kan wayoyi miliyan, kowace tana aika rahoto gida. Kuskuren da zai shekara biyar a ɓoye sai ya fito cikin sati. Ɓarawonka kuma, sau 13 cikin 14 a hannu zai kwana, kuma a kanel kamu ɗaya ya isa a rufe ƙofa.

Injiniya Sani Barnawa:
In ɓarawon da ka yake zaɓa ke nan. In kuma yana iya leƙen katin fa? A 2024 masu bincike daga Jami'ar Ƙasa ta Seoul da abokan aikinsu suka fitar da abin da suka kira TikTag. Sun yi amfani da halin furosesa na yin aiki kan hasashe kafin ta tabbatar, suka riƙa gano tambarin wuri ba tare da ƙararrawa ta kaɗa ba, sama da kashi 95 cikin 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Sun nuna shi a Chrome, sun nuna shi a kanel ɗin Linux. Wanda ya san launin katin ba ya buƙatar sa'a.

Kuma ba yau aka fara ba. SPARC M7 na Oracle tun 2015 yake da irin wannan, bit 4 a kan kowane bayit 64. Na yi aiki kusa da irin waɗannan manyan injina, shi ya sa ba na saurin rawar kai.

Hauwa Unguwar Rimi:
Ban musa TikTag ba. Amma ka lura ka ɗaga wa maharin farashi: da kuskure ɗaya ya ishe shi, yanzu sai ya nemo hanyar leƙe kuma, a kan irin furosesar da abin ke aiki. Apple ma da suka zo da nasu a Satumbar 2025, a iPhone 17 da iPhone Air, ba su tsaya kan tambari kaɗai ba. Sun haɗa da mai rabon da ke ware kaya iri-iri kowa da ɗakinsa, suka toshe hanyoyin leƙen tambari, suka bar shi a kunne kullum har cikin kanel. Kamfanin da ke ƙirga kowace daƙiƙar batir ba zai ba da fili a jikin furosesarsa don abin banza ba.

Ni dai abin da na tsaya a kai: ko a ce bai hana mahari ko ɗaya ba, ya mayar da ɓarnar ɓoye ta zama ƙara a fili, a daidai layin da aka yi ta. Wanda ya taɓa kwana uku yana bin sawun faɗuwar da ba ta da alaƙa da mai laifi ya san darajar wannan.

Injiniya Sani Barnawa:
A matsayin mai shaida na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A matsayin katanga ne nake cewa a yi hattara. Kuma ki faɗa wa yaran abin da ba ya gani, kada su ga shiru su ce lafiya.

Hauwa Unguwar Rimi:
Gaskiya ne. Awonsa bayit 16 ne, ba ya ganin ƙasa da haka. Ka nemi bayit 20, za a buga wa 32 tambarinka, in ka yi rubutu a na 25 babu mai ce maka uffan, alhali na gama-gari zai kama. In ka zarce daga wani fili zuwa wani a cikin tsari ɗaya, wato cikin rabo guda, duk ukun ba sa gani, tunda kati ɗaya ne. Na furosesar yana tsaron memorin da aka roƙa a wurin mai rabo ne, wato slab da shafuka da vmalloc, bai shafi sitak, wurin ajiyar wucin gadi na aikin da ke gudu, da kayan da aka ayyana a sarari ba. Sannan na'urar da ke rubutu kai tsaye cikin ram ta DMA, wato ba ta hannun furosesa ba, ba ta bi ta ƙofar da ake duba kati.

Abba Rigasa:
To ni abin da ban gane ba, me ya sa ake ta wannan wahalar? Na karanta cewa Microsoft sun ce a 2019 wajen kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaronsu daga memori ne, Chrome ma haka. Kuma Google sun ce a Android abin ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa 24 a 2024 saboda sabon kod da Rust, yaren da ke toshe irin waɗannan kurakuran memori, da makamantansa ake rubutawa. Rust ya shiga Linux tun 6.1. A bar C mana kawai.

Injiniya Sani Barnawa:
Alƙalumanka daidai ne, ɗana, kuma ka koyi Rust, zai yi maka rana. Amma kanel ɗin nan layi sama da miliyan 30 ne, kusan dukansa C. Ko yau aka daina rubuta sabon C, tsohon zai ci gaba da tuƙa wayoyi da injinan banki har ka yi furfura. Direban Bashir C ne, yana Kakuri yanzu haka, manaja na jira. Ba za mu ce masa ya dawo bayan shekara goma ba. Sabon gini a yi shi da bulo mai kyau, tsohon gidan da mutane ke ciki kuma a sa masa mai gadi.

Abba Rigasa:
Na fahimta, Malam. Akwai yadda zan taɓa MTE da hannuna ba tare da na sayi Pixel ba? Kuɗin ya fi ƙarfina.

Hauwa Unguwar Rimi:
Akwai. QEMU, manhajar da ke kwaikwayon furosesa a kan kwamfutarka, yana kwaikwayonsa. Ka gina kanel na arm64 da CONFIG_KASAN_HW_TAGS, ka tashe shi da -machine virt,mte=on da -cpu max. Ka kunna CONFIG_KASAN_KUNIT_TEST ka ga kurakuran ganganci ana kama su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka rubuta ɗan modul naka, wato guntun kod da ake cusa wa kanel: kmalloc, kfree, sai ka yi rubutu a wurin. Ranar da ka ga rahoton da sunan aikinka a kai, ba za ka ƙara mantawa da darasin manuni ba. Kada dai ka auna gudu a QEMU, kwaikwayo ne.

Ka gwada yanayin ukun ma. Da kasan.mode=sync furosesa na tsayawa nan take ta ba ka adireshi da layi. Da async tana ɗaga tuta ne a wata rajista ta wuce, kanel ya duba daga baya, ya fi sauri amma ba ka san takamaiman wurin ba. Sai asymm, karatu nan take, rubutu da jinkiri.

Bashir Kawo:
Na gama gini da SW_TAGS, ta tashi lafiya, ram ya ishe ta. Tambaya kafin in tafi gobe: kasan.fault in sa report, ya ba da rahoto ya ci gaba, ko panic, kanel ya tsaya cak?

Injiniya Sani Barnawa:
Report. Kana son ta rayu ta turo maka rahoton ta intanet, ba ta mutu da shi a ciki ba.

Hauwa Unguwar Rimi:
A wannan gwajin na yarda. Amma a na'urar da ke hannun jama'a ni panic nake so. Kanel ɗin da aka riga aka yi wa rubutu a inda bai dace ba, ban yarda da duk abin da zai yi bayan nan ba. Kuma a na furosesar, bayan rahoton farko ana kashe binciken a kan wannan furosesar don a iya ci gaba. Mahari ya jawo ƙara ɗaya, sauran hanya a buɗe.

Injiniya Sani Barnawa:
Ya danganta da abin da na'urar ke riƙe da shi, Hauwa. Waya ta mutu ta tashi, an yi asarar minti ɗaya. Na taɓa kula da wata na'ura da ke juya famfunan ruwa na wata unguwa. Ta sake kunna kanta da tsakar dare, ta tashi ta manta matsayin da take, tanki ya cika ya yi ta zuba har asuba, ya rushe katangar maƙwabci. Ni na je na ba dattijon haƙuri, ina tsaye cikin taɓo har idon sawu. Tun ranar ba na sa wa abin da ke riƙe da ƙarfe ko ruwa umarnin mutuwa sai na san yadda zai tashi.

Hauwa Unguwar Rimi:
Allah ya kyauta. To akwai tsaka-tsaki, panic_on_write: in karatu ne a yi rahoto a wuce, in rubutu ne a tsaya. Amma na karɓi maganarka, sai an gyara tashi kafin a yarda da faɗuwa.

Bashir Kawo:
Jama'a, kwana shida ke nan, ga labari. Yau da ƙarfe 2:47 na rana wannan ya shigo:

BUG: KASAN: slab-use-after-free in batir_karanta+0x5c/0x140
Write of size 4 at addr 3affff8004a21040 by task kworker/1:2
Pointer tag: [3a], memory tag: [fe]

A ƙasa ya nuna wanda ya karɓi wurin, batir_probe, da wanda ya sake shi, batir_disconnect. Duka nawa ne. Na kira mai gadi ya duba littafinsa, ya ce ya juya zuwa janareta uku saura kwata.

Da na buɗe kod ɗin sai jikina ya yi sanyi. Ina da aikin da ke tashi duk daƙiƙa biyu ya tambayi ma'aunin. In wuta ta yi ƙasa lokacin juyi, ma'aunin yana ɓacewa daga USB ya dawo. A wajen cirewa na kira cancel_delayed_work don soke aikin, sannan kfree. Ashe wannan ba ya jiran aikin da ya riga ya fara gudu. Aikin yana can yana jiran amsar ma'aunin, a ɗaya furosesar an saki wurin ajiyarsa, shi kuma ya farka ya rubuta lambar kuskure, bayit 4, a wurin da ba nasa ba yanzu.

Hauwa Unguwar Rimi:
Alhamdu lillahi. Dubi adireshin, Abba: 3a ɗin farkon nan shi ne katin da ke aljihu, fe kuma tambarin wurin da aka saki. Wannan karon ba a riga an ba kowa wurin ba. A ranakun da ta sandare, netwok ko fayil ne suka karɓe shi cikin wannan ɗan taƙin, bayit huɗun suka sauka a kan kayansu, sai bayan sa'o'i suka taka.

Abba Rigasa:
Ikon Allah. To me ya hana a ofis, Yaya Bashir? Ba ka taɓa zare wayar ba?

Bashir Kawo:
Na zare, sau da yawa ma. Amma sai zarewar ta faɗo daidai lokacin da aikin ke tsakiyar magana da ma'aunin. Da hannu da wuya ka dace. Faɗuwar wuta kuwa tana sa ma'aunin ya yi shiru tukuna kafin ya ɓace, sai aikin ya daɗe a tsaye yana jira, ƙofar ta yi faɗi.

Injiniya Sani Barnawa:
Madalla. cancel_delayed_work_sync, mai jiran aikin ya gama, kafin kfree, kuma ka tabbata aikin ba ya sake sa kansa a layi bayan an fara cirewa. Sannan kada ka yi saurin sauke kanel mai tambarin. KASAN yana yin shiru bayan rahoton farko in ba ka sa kasan_multi_shot ba, don haka ba ka san ko akwai na biyu a bayan wannan ba. Ka bar shi sati biyu bayan gyara.

Hauwa Unguwar Rimi:
In za ka koma kanel na aiki, ka bar KFENCE a kunne. Tun 5.12 yake, yana ɗaukar rabo ɗai-ɗai lokaci zuwa lokaci ya ajiye tsakanin shafukan tsaro, nauyinsa kusan babu. Ba ya gani kamar tambari, amma da babu gara ba daɗi, har ranar da allo mai MTE zai zo da kuɗin da za mu iya saya. Kuma ka sa wa ma'aunin nan wuta mai tsafta, ɓacewarsa a kowane juyi ita ma matsala ce.

Bashir Kawo:
Na gyara layin, na sa kasan_multi_shot, na tura sabon ginin ta intanet, ta tashi. Na roƙi manaja gobe Asabar da ba sa aiki a bar ni da mai gadi mu juya wutar sau talatin a jere ina kallon log. Abba, in kana da lokaci ka same ni a Kasuwa da ƙarfe tara mu wuce tare, ka zo da kwamfutarka.

Abba Rigasa:
In sha Allahu ina nan tun takwas da rabi.